Farar Tumfafiya a Tiren Iya

Jikata ce ta fama mini wannan tsohon miki, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Ran nan ta faɗo ɗakina a guje tana ihu, waya a hannu, wai ta ga wani mugun abu a jikin labule. Na karɓi wayar na kawo ta kusa da ido, sai ga hoton gyare. Gyaren nan dai da muke haƙa da tsinke mu gasa a bakin murhu. Na ce, "Yanzu ke, gandamemiya da ke, ba ki san gyare ba?" Ta ce ai in ta tambayi wayar za ta gaya mata sunansa har da Turanci, ta juya ta ɗauko gwangwanin fesa ta gama da shi. Na buɗe baki zan yi mata faɗa irin namu na tsofaffi, in ce mu a zamaninmu babu ƙwaron da ba mu san sunansa ba, sai na fasa. Ni ma na taɓa cewa na sani, kuma abin da sanin nawa ya jawo wa wata baiwar Allah har yau bai bar ni na sake ba.

A unguwar Nasarawa ta garin Kaduna muke a lokacin, cikin wani gidan haya mai ɗakuna fuska da fuska, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, faɗa kuwa ba adadi. Daga kudancin Kaduna iyayena suka zo, babana yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Ba mu da agogon da ya wuce jiniyar masaƙa. In ta yi kuka sai ka ga kekuna sun cika titi kamar an buɗe musu ƙofa, kowa da kwanon abincinsa a ɗaure a baya. Ranar Lahadi ƙararrawar cocinmu tana tashi, kiran salla yana tashi, ba wanda yake ɗaga kai don na wani. Daji kuma ba shi da nisa. In ka wuce unguwar Television kaɗan, gonaki ne da ciyawa har inda ido ya tsaya. Da farkon damina shinge, garar nan mai fiffike, yakan cika tsakar gida, mu fito da kwanoni da ruwa muna tara, da safe a share fukafukai kamar an yi sussuka. Mun san cinnaka da cizonsa, mun san in kwarkwasa ta jero layi sai a ɗauke tabarma a ba ta hanya. Yanzu duk wurin nan bulo ne da kwano da ƙarar janareta, sauro kaɗai ya rage mana, shi kam bai je ko'ina ba.

A ɗakin ƙarshe, kusa da rijiya, akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Iya. Bahaushiya ce daga can arewa, ta biyo ɗanta da yake gadi a wani kanti, matarsa ta rasu, ita take riƙe masa ɗaki. Sana'arta fara. In kaka ta yi takan je daji ta kamo, ta gyara, ta soya, ta kai tire bakin ƙofar masaƙa daidai lokacin tashi. Mata da yawa suna kasa kaya a wurin, amma farar Iya daban take, har mutum yakan tsaya da kekensa ya jira ta in ta makara. Ba don kuɗin take yi ba kawai, ko da yake da shi take sayen goro da sabulu ba tare da ta miƙa wa ɗanta hannu ba. Tiren nan shi ne mutuncinta. Takan ce a garin da ba naka ba, in ba ka da abin da ake nemanka dominsa, ka zama kaya a ɗaki. Ni kuwa tun ina ƙarama take kirana ƙawata, ta tsokane ni wai ƙafafuna kamar na zanzaro, in rama in ce bakinta ba haƙori ko na rantsuwa.

Shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, yanar ido ta fara rufe wa Iya gani. Tana ganin mutum, amma sai ya yi magana take tabbatar da ko wane ne. Mamata ta ce maimakon in zauna ina karanta littattafan soyayya ina ƙone mata miya, in riƙa raka Iya daji. Na tura baki, amma na bi. Da an idar da sallar asuba mukan hau bayan a-kori-kurar masu itace, ta sauke mu wajen ƙauyen Kakau gari bai gama wayewa ba. A wannan lokaci raɓa ta jiƙe fara, sanyi ya kama ta, tana nan maƙale a jikin kara da ciyawa ba ta iya tashi, sai dai ka yi ta tsinka kana jefawa a buhu. Da rana ta ɗaga kuwa, ko kana da hannu goma ba ka kama ɗaya.

A nan na ga abin da boko bai nuna mini ba. Iya ba ta wuce ƙwaro ba ta gaishe shi da sunansa ba. Ta nuna mini babe, ƙatuwar farar nan mai ƙaya a ƙafa, da ɗango wanda bai yi fiffike ba tukuna. Ta nuna mini tulin ƙasa a bakin rami ta ce gyare yana ciki, in ramin a buɗe yake fayau kuwa kada in kuskura in sa yatsa, mai gidan kunama ce. Wata rana wani ƙwaro ya sauka a wuyana na ɗaga hannu zan murje shi, ta riƙe ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba. "Hure shi, kada ki murje! Hangara ce. In kika fasa ta, gobe wuyanki ya tashi kamar an zuba miki ruwan zafi." Da ƙara kaɗai takan bambanta rina da zanzaro, ta ce rina a guje ta, zanzaro kuwa magini ne, sha'aninsa yake yi. In bobuwa ta dame mu takan ce akwai shanu kusa, sai kuwa mu ci karo da garke. Kullum maganarta ɗaya ce, kada in dubi ƙwaro shi kaɗai, in dubi abin da ya zauna a kai da abin da yake ci.

Akwai wani tsohon rami a gefen hanya inda masu aikin titi suka ɗebi ƙasa, tumfafiya ta fito ta kewaye shi. A jikinta akwai wata fara ƙatuwa, rawaya, da ɗigo-ɗigo masu duhu kamar an yi mata rubutu. Ba ta gudu, ko da rana tsaka tana nan zaune tana kallonka. Ranar farko da na gan ta na yi tsalle na ce ga banza ta faɗi. Iya ta ce, "A'a, ƙawata. Wannan farar tumfafiya ce. Ba ki ga ko tsuntsu bai kula ta ba? Ruwan tumfafiya ne a cikinta. Ko da wasa kada ta shiga buhuna." Na ce to. Amma a zuciyata na ce camfi, domin a lokacin duk abin da ban gani a littafin makaranta ba camfi ne a wurina. Ina da takardar shaida a hanya, kaina ya kumbura, ina ganin na fi ƙarfin a ce mini kada.

Da tafiya ta yi tafiya Iya ta sakar mini aikin gyara gaba ɗaya. Ni nake tsoma farar a tafasasshen ruwa da gishiri, in cire fiffike da ƙafafu, in shanya a kan kwanon bayan gida, ita nata suya da yaji da lemun tsami. Ta riƙa yabona a tsakar gida, tana cewa Allah ya karɓi idonta ya musanya mata da biyu masu kyau. Wayyo, yabon nan ya yi mini daɗi! Shi ya ƙarasa lalata ni, don na fara son kullum a ga buhuna ya fi na jiya cika.

A gidan namu akwai matar wani makanike, mutanen kudu maso gabas, muna ce mata Madam. Wata rana na tarar da ita tana soya wata fara mai launi-launi da mijinta ya kamo a gonar rogo. Na ce, "Madam, ana cin wannan? Iya ta ce mai launi guba ce." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da Hausarta mai tsalle-tsalle, "Wane guba? Mu muna ci a garinmu tun ina yarinya. Zo ki ɗanɗana." Na ci biyu, na kwana lafiya lau. Shi ke nan, na samu hujja. Ban tambaye ta a jikin me aka kamo ba, ban ɗauki ɗaya ɗanya na duba da kyau ba. Na ga launi a can, na ga launi a nan, na yanke hukunci cewa abu ɗaya ne, tsohuwa ce kawai take wahalar da mu a cikin raɓa alhali ga abinci yana zaune yana jiranmu.

Ranar da abin ya faru fara ta yi ƙaranci, kaka ta kusa ƙarewa, an girbe yawancin gonakin. Mun yi ta yawo buhu ko rabi bai kai ba. Iya ta gaji ta zauna a gindin wata ɗorawa, na ce mata bari in leƙa can gaba. Na zaga ta bayan ramin nan. Cikin ɗan lokaci na cika wata tsohuwar jakar leda, ba gudu ba wahala. In na kama sai ta fitar da wani ruwa mai kumfa mai wari a hannuna, na goge a zane na ci gaba. Na ɓoye jakar a ƙarƙashin itacen mota. A gida na tafasa ta daban, na fige ta, na shanya a wani lungu. Da ta sha ruwan zafi da rana launin ya dushe, in ba wanda ya ƙura ido ba, ba mai bambanta ta da sauran.

Ga wurin da nake so in tsallake in ina ba kaina labarin, amma yau ba zan tsallake ba. Kafin in haɗa, na ɗauki ɗaya na gasa na sa a baki. Ɗaci! Wani irin ɗaci mai kama harshe, ba irin ta Madam ba ko kusa. Na tofar, na kurkure baki. Na tsaya ina kallon farar nan mudu guda, ina tuna yadda Iya za ta ɗaga kwarya ta ji nauyi ta ce kai, ƙawata ba dama. Sai na ce wa kaina ai yaji zai rufe. Na juye ta cikin mai kyau, na cakuɗa da hannuna. Ba kuskure ba ne daga nan, na riga na sani. Iya kuwa ba ta da haƙoran tauna fara, shekara da shekaru ba ta ɗanɗana kayanta, hannunta da wanda ta amince wa take bi.

Washegari da la'asar ta kai tire, ya ƙare tas. Kafin rana ta biyu ta faɗi labari ya cika Kakuri. Mutum shida ko bakwai sun yi ta amai da murɗar ciki, duk a tirenta suka saya. Wani magidanci mai aiki a sashen rini, wanda kullum yake sayen mai yawa ya tafi da ita gida, shi abin ya fi kayarwa, sai da aka kwantar da shi a asibiti kwana huɗu, zuciyarsa tana bugawa ba daidai ba. Matarsa ta zo har gidanmu, gyale a ɗamare, ta tsaya a tsakar gida tana zazzaga masifa. "Ina makauniyar take? In ba kya gani ki zauna a ɗaki mana! Sai kin mayar da ni gwauruwa da 'ya'ya biyar?" Iya ta fito ta durƙusa a gabanta, tsohuwar da a haife ta isa ta haifi uwarta, tana cewa, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, ki yi haƙuri." Ina tsaye a bakin rijiya da guga a hannu. Mamata ce ta shiga tsakani, kuma abin da ta kare Iya da shi ya fi zagin zafi a kunnena. Ta ce, "Haba baiwar Allah! 'Yata ce take gyara mata, yarinya mai ilimi, da akwai wani abu ai da ta gani. Ƙila fesa aka yi a gonar." Kowa ya juyo ya dube ni, na gyaɗa kai.

Da gida ya lafa Iya ta aika a kira ni. Ɗakinta yana ƙanshin man gyaɗa da yaji kamar kullum, tire yana jingine a bango. Ta laluba ta kama wuyan hannuna.

"Ƙawata, tambaya ɗaya zan yi miki, ba kuwa faɗa zan yi ba. Fesa ba ya yin haka, na san farar fesa, a mace ake tsintarta. Ranar nan da kika bar ni a gindin ɗorawa, kin je wajen ramin nan?"

Na ce, "A'a, Iya."

"Ko da ɗaya ce ta faɗa miki cikin rashin sani, gaya mini."

"Na rantse da Allah, Iya, ban je ba."

Na jira ta matsa mini, wallahi da ta sake tambaya sau ɗaya da na fashe da kuka na faɗa. Ba ta sake ba. Ta saki hannuna, ta buɗe tafukanta biyu ta kawo su kusa da fuska tana juyawa. "To, ni ce ke nan," in ji ta. "Na ɗauka ido ne kaɗai ya tafi. Ashe hannun ma ya bi shi. Na tsinko wa mutane ajali ina ta murna." Ta ce in tashi in je, Allah ya yi mini albarka.

Mutumin ya warke, ya koma aikinsa. Iya ce ba ta warke ba. Ba wanda ya kore ta daga bakin masaƙa, ita ta ƙi komawa, wata mai ƙosai ta matsa ta gaje wurin. Ta daina zuwa daji. Sai ta wuni a bakin ƙofa, hannu a cinya, in zanzaro ya wuce ko kai ba ta ɗagawa. In aka miƙo mata shinkafa ta tsince sai ta ce a ba wani, ita ba ta amince da kanta ba. Goro ma sai ta jira ɗanta ya tuna. A unguwa sunanta ya koma tsohuwar nan da ta kusa kashe mutane, ina ji da kunnena a wajen niƙa, ban taɓa cewa uffan ba. Ni kuwa sakamakona ya fito da kyau, ana ta yi mini barka.

Akwai ranar da na koma Kakau ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Na kamo ɗaya a jikin tumfafiya, na shiga gonar rogo na kamo irin ta Madam, na ajiye su a kan dutse kusa da juna. Tir da ni! Ta rogo ƙarama ce, fiffikenta kore, kanta da ja da baƙi da rawaya. Ta tumfafiya ta kusa ninka ta, launinsu ma ba ɗaya ba. Ko kaza aka nuna wa za ta bambanta. Na zauna a wurin na yi kuka har na gaji, na share fuska na hau mota na dawo, na wuce ta gaban Iya na ce sannu da hutawa. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Ina tsoron bulalar babana, ina tsoron matar mutumin nan, amma abin da na fi tsoro shi ne a daina ce mini yarinya mai ilimi.

Kafin damina ta sauka Iya ta ce wa ɗanta ya mayar da ita gida wurin ƙanwarta, tunda ba ta da sauran amfani a Kaduna. Da hantsi aka kawo mota ƙofar gida, aka ɗora akwatinta da tabarma. Tiren ta bar wa mamata. Matan gida suka yi ta sallama da ita, Madam har da hawaye. Sai da aka zaunar da ita kusa da taga, direba ya tayar da inji, na tabbata ba wanda zai ji, sannan na sa kaina ta tagar. Dubi lokacin da na zaɓa, don Allah.

Na ce, "Iya, ni ce. Na je ramin. Farar tumfafiya na kamo, mudu guda, na haɗa miki. Hannunki lafiyarsa lau."

Ta juyo da fararen idanun nan wajen muryata. Ta laluba ta shafa kumatuna, ta yi murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin abin ya faru.

"Kai, ƙawata, kina da kirki. So kike ki ɗauke mini kayan in tafi da sauƙi. Amma kada ki ƙara yin ƙarya saboda ni, kin ji? Ba kyau. Yarinyar da na koya wa da hannuna ba za ta taɓa farar tumfafiya ba."

"Iya, wallahi..."

"Ya isa. Koma ciki, rana tana dukanki."

Mota ta ja. Ina iya binta da gudu, ina iya juyawa in faɗa da ƙarfi a gaban mamata da Madam da duk wanda yake tsaye a ƙofar gidan, a aika mata da saƙo daga bakin manya wanda za ta yarda da shi. Ban yi ko ɗaya ba. Bayan shekara biyu ɗanta ya shigo ya ce Iya ta rasu, ta tafi tana ganin ita ce ta zuba wa mutane guba.

Na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa ai na faɗa, ita ce ba ta karɓa ba. Yanzu na tsufa, idona ni ma ya fara hazo, ba ni da sauran wanda zan ruɗa. Lokacin da motar nan ta sha kwana na juyo zan shiga gida, ba baƙin ciki ne ya fara zuwar mini ba. Daɗi na ji da ba ta yarda ba.